Abin da Aikin Haɗa Sauti Ya Koya Mini Game da Black Panther da Kyautar Oscar

A daren 24 ga Fabrairun 2019, a zauren Dolby da ke birnin Los Angeles na Amurka, fim ɗin Black Panther ya shiga bikin Oscar na karrama finafinai karo na 91 yana takara a rukuni bakwai, ya kuma fita da kyauta uku. Ruth Carter ta karɓi ta tsara sutura, Hannah Beachler da Jay Hart suka karɓi ta tsara wuraren da aka ɗauki fim, sannan Ludwig Göransson ya karɓi ta kiɗa. Babbar kyautar, wato ta fim mafi kyau na shekara, ta tafi ga Green Book. Duk da haka Black Panther ya kafa tarihi, domin kafin shi babu wani fim na jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam da aka taɓa sanyawa a takarar wannan babbar kyauta. Sana'ata haɗa sauti ce a ɗakin tace finafinai, kuma ita ce ta koya mini yadda zan saurari gardamar da ta biyo baya ba tare da na shiga sahun kowane ɓangare ido rufe ba.

Masu goyon bayan fim ɗin sun fi jingina da abu biyu. Na farko kuɗi ne, domin ya tara fiye da dala biliyan 1.3 a duniya, kusan miliyan 700 daga ciki a Amurka da Kanada kaɗai. Na biyu matsayinsa ne a zukatan baƙaƙen fata, waɗanda suka ga wani darakta nasu, Ryan Coogler, ya tara 'yan wasa kusan duka baƙaƙe a babban fim, ya kuma nuna Wakanda, wata ƙasar Afirka da Turawa ba su taɓa mulka ba, ko da ƙirƙirarriya ce. Masu adawa kuwa cewa suke yi kayan kasuwa ne kawai, fim na 18 a jerin da kamfanin Marvel ke fitarwa bisa tsari guda. A watan Oktoban 2019 fitaccen darakta Martin Scorsese ya ƙara wa wutar fetur da ya kwatanta irin waɗannan finafinai da wuraren wasan nishaɗi, ya ce shi bai ɗauke su a matsayin sinima ba. Abin da na lura da shi shi ne, ɓangarorin biyu suna maganar fim tamkar dunƙulallen abu guda ne da za a karɓa gaba ɗaya ko a yar gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar haɗa sauti ba zai iya kallon fim haka ba. A gabansa fim layuka ne jere: layin maganar 'yan wasa, layin takun sawu da ƙarar ƙofa da iska, layin kiɗa, kowanne da wanda ya yi masa wahala, kuma kowanne yana iya yin kyau ko ya lalace ba tare da ɗan'uwansa ba. Ita ma ƙungiyar da ke ba da Oscar a kan wannan fahimta ta gina tsarinta, domin a yawancin rukunoni masu sana'ar ne ke fitar da 'yan takarar sana'arsu: mawallafan kiɗa su zaɓi kiɗa, masu tsara sutura su zaɓi sutura, kafin dukan mambobi su kaɗa ƙuri'ar ƙarshe. Saboda haka tambayar ko fim ɗin ya cancanci kyauta tambaya ce da sai an rarraba ta kafin a amsa, kuma amsar da na samu a kan kiɗan ta bambanta da wadda na samu a kan waƙar, ta kuma bambanta da wadda na samu a kan fim ɗin baki ɗaya.

Maigidana da ya koya mini aiki yana da wani gwaji da yake tilasta wa kowane almajirinsa. Zai sa ka kalli fitowa guda ba sauti, sannan ya kashe hoton ka saurari kiɗan shi kaɗai, daga nan ya tambaye ka abin da mai kallo ya rasa da aka cire kiɗan. Idan armashi kawai aka rasa, to kiɗan kwalliya ce, kowa zai iya yin sa. Idan kuwa an rasa wani sashe na labarin, wani abu da mai kallo ba zai sani ba sai ta kunnensa, to mawallafin ya yi aiki. Da wannan ma'auni na auna kiɗan Black Panther, kuma a nan ne na fi daɗewa, domin a nan fim ɗin ya fi ƙarfi.

Göransson ɗan ƙasar Sweden ne, abokin karatun Coogler a jami'ar Kudancin California, kuma shi ya yi masa kiɗan finafinansa biyu na farko. Da ya karanta labarin sai ya tafi Senegal, ya bi mawaƙi Baaba Maal yawon wasanninsa, sannan ya zauna da makaɗan ƙasar yana naɗar abin da suke kaɗawa. Daga can ya wuce Afirka ta Kudu, ya shiga ɗakin adana kaɗe-kaɗen Afirka da ke Grahamstown (Makhanda a yau), kafin a haɗa duka da babbar ƙungiyar makaɗa da ta mawaƙa a ɗakin naɗa sauti na Abbey Road a Landan. Tafiya ita kaɗai ba ta sa kiɗa ya yi kyau, domin da yawa sun je Afirka sun dawo da ganguna sun zuba su a fim don a ji ƙamshin daji. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya ba kowane kayan kiɗa aikin yi a cikin labarin.

Sarki T'Challa, jarumin fim ɗin, an ba shi tama, ƙaramar gangar hammata ta Senegal wadda Massamba Diop ya kaɗa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kanta, domin 'yar'uwar kalangu ce: ana matse tsarkiyarta a sassauta, muryarta ta hau ta sauka, har ta kira sunan mutum. To, sunan T'Challa take kira, gaɓa uku, kuma duk inda ka ji ta a fim ɗin, sarautar ce ke magana, ko sarkin yana cikin hoto ko ba ya ciki. Abokin gabarsa Killmonger, wanda jinin gidan sarauta ne amma ya tashi maraya a Oakland ta Amurka, an haɗa masa abu biyu: busar sarewar Fulani mai kaifi kamar kururuwa, da dukan gangar inji mai nauyi irin ta kiɗan hip-hop na baƙaƙen Amurka. Idan ka kashe hoton ka saurara, za ka ji tarihin mutumin tun kafin ya buɗe baki ya faɗe shi, wato asalin Afirka a sama, rainon titunan Amurka a ƙasa, kuma ba su taɓa narkewa sun zama abu guda ba. Lokacin da ya karɓe karaga, wannan duka mai nauyi shi ne ya mamaye fadar, tama kuwa ta ja baya. A fitowar gwabzawar neman sarauta a bakin ruwa mai zubowa, gangunan sabar ne ke tashi, waɗanda a Senegal su ake kaɗa wa 'yan kokawa a fage. Muryar Baaba Maal kuma, da ke tarbar mai kallo sa'ad da jirgi ya ratsa zuwa Wakanda, da Fulatancin Senegal take waƙar giwa da ta faɗi, ma'ana sarki ya rasu, daidai lokacin da ɗan ke komawa gida ya gaji mahaifinsa. Mafi yawan masu kallo a Amurka ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma sun ji makoki a cikin muryar.

A wannan shekarar Göransson ya kara da manyan mawallafa, har da Terence Blanchard da Nicholas Britell da Alexandre Desplat. Kiɗan da Britell ya yi wa If Beale Street Could Talk ya fi taushi, kuma da shi aka ba da ban yi ƙorafi ba. Amma ta fuskar ɗaukar nauyin labari, na Black Panther ya ci gwajin maigidana ba tare da wata tantama ba, kuma kasancewar jarumin fim ɗin yana sanye da rigar damisa bai rage komai daga wannan aikin ba.

Waƙar All the Stars ta Kendrick Lamar da SZA lamarinta daban. Ta shiga takara, ta sha kaye a hannun Shallow ta fim ɗin A Star Is Born, kuma a ganina alƙalan sun yi daidai. Waƙar Kendrick mai daɗi ce, amma sai labari ya ƙare, sunaye sun fara hawa, sannan take shigowa, alhali ita Shallow a tsakiyar labarin take, a kanta rayuwar jarumar ke juyawa.

Babbar kyautar ita ce ta fi wuya. Ina ganin fim ɗin ya cancanci shiga takara, saboda ya ɗauko tambaya mai nauyi, wato abin da mai wadata da ya tsira yake bin 'yan'uwansa da aka sayar bayi, ya kuma ba mugun labarin hujjar da ta fi ta jarumin ƙarfi a wurare da dama. Fitowar mutuwar Killmonger, inda ya zaɓi a binne shi a teku tare da kakanninsa da suka yi tsalle daga jiragen bayi maimakon ya rayu a ɗaure, ta isa ta ƙaryata duk mai cewa babu abin da ke taɓa zuciya a irin waɗannan finafinai. Sai dai ban ga ya cancanci lashe kyautar ba. A sulusinsa na ƙarshe tsarin kamfani ya rinjayi darakta: aka bar gardamar da aka gina da hankali, aka koma ga yaƙin karkanda masu sulke da dambe a cikin duhun ramin ma'adinai, inda mutum biyu da kwamfuta ta zana suke dukan juna ba tare da nauyin jiki ba. Masu sana'ar ƙirƙirar hoto da kwamfuta ba su ma sa shi a takarar rukuninsu ba, kuma babu takara ga darakta ko marubuta ko wani ɗan wasa. A nan maganar Scorsese tana da ƙamshin gaskiya. Wannan bai sa na yarda Green Book ne ya fi ba. Ni Roma na Alfonso Cuarón zan ba.

Yana da kyau a tuna cewa ƙungiyar Oscar ita kanta ta daɗe tana kai-kawo a kan wannan batu. Da aka bar The Dark Knight, fim ɗin jarumi Batman, a waje a takarar babbar kyauta ta 2009, duk da rukuni takwas da ya shiga da kyautar da aka ba ɗan wasansa marigayi Heath Ledger, surutu ya yi yawa, kuma a watan Yunin shekarar aka faɗaɗa gurbin babbar kyauta daga biyar zuwa goma. A Agustan 2018 kuma, bayan masu kallon bikin a talabijin sun ragu zuwa kimanin miliyan 26.5, aka sanar da sabon rukuni na fim mai farin jini. Mutane da yawa suka fassara shi da cewa ɗaki ne aka gina a bayan gida don a ajiye Black Panther, aka yi ca a kai, kuma cikin wata guda aka jingine shi. Na ji daɗin jinginewar, domin rukuni na musamman yana nufin an yanke hukunci tun kafin a kalli aikin, ko dai a ɗaga fim saboda kuɗinsa ko a ƙasƙantar da shi saboda jinsinsa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai bai shafi cancanta ba sosai, ya shafi sunan da ake rubutawa a jikin kyautar. Dokar Oscar mawallafi take ba kyauta, kuma Göransson ya yi aikin mawallafi na haƙiƙa, ya kuma ambaci makaɗan Senegal a jawabinsa na karɓar kyautar. Amma idan aka cire hannun Massamba Diop da muryar Baaba Maal da numfashin mai busa sarewar, abin da zai rage kiɗan Turai ne mai kyau irin wanda ake ji a finafinai da yawa. Salon da suka kawo gadon gidajensu ne, an yi ɗaruruwan shekaru ana gyara shi, kuma babu rukunin da ke auna wannan. A fim na biyu, Wakanda Forever na 2022, wanda aka yi bayan rasuwar Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa, a Agustan 2020, an ɗan samu sauyi: Göransson ya yi wani ɓangare na aikin a Legas, kuma sunan mawaƙiyar Nijeriya Tems ya shiga takarar Oscar ta 2023 tare da Rihanna da Coogler da shi kansa, saboda waƙar Lift Me Up, ko da yake Naatu Naatu ta fim ɗin Indiya RRR ce ta lashe.

A wurin aikinmu ma haka abin yake, sai dai ya fi muni. Ana kiran mai kalangu ko mai sarewa ya zo ya yi yini yana kaɗawa, a sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba, sannan a yanka abin da ya kaɗa a yi ta amfani da shi a finafinai daban-daban, kuma ko a jerin sunayen ƙarshe ba za a gan shi ba. Yanzu duk aikin da ya biyo ta hannuna, kafin in miƙa shi, nakan rubuta sunan kowane makaɗi da kayan da ya kaɗa da fitowar da aka sa shi, in haɗa da faifan in ba mai tace hoto. Wasu furodusoshin sukan sa sunayen, wasu kuma sukan ce jerin ya yi tsawo su yanke.