Kafin ka goge Windows ka ɗora Linux, tambayi gem ɗinka

Tun da Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tambayar da ƙannenmu suka fi yi ita ce ko su koma Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Ba su yi laifi ba. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin inji, da furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ga shi laftof ɗin gwanjo da yawa da ke hannun ɗalibai, su EliteBook da Latitude da ThinkPad, ba su kai nan ba. Linux kuwa kyauta ce, ba lasisi ba kirak, kuma tsohon inji yana samun sa'ida da ita. In karatu da rubutu da shiga intanet ne aikinka, koma abinka. In kuwa kana buga gem, ƙanina, dakata tukuna, don na riga ka shiga wannan hanya kuma na ji jiki.

Abin da ya ruɗe ni ba ƙarya ba ne, gaskiya ce na ji rabinta. Wasa a Linux ya yi nisa ƙwarai. Kamfanin Valve ya kawo Steam, shagonsa na gem a intanet, kan Linux a 2013, sannan a watan Agustan 2018 ya fito da Proton. Proton tamkar tafinta yake: gem ɗin da aka rubuta don Windows yana magana da yarensa na DirectX, shi kuma yana juya maganar zuwa Vulkan da sauran abin da Linux ke ji. An gina shi kan Wine, aikin tafiyar da manhajojin Windows a Linux da masu sa kai suka faro tun 1993, aka haɗa da DXVK, mai juya DirectX zuwa Vulkan. A Fabrairun 2022 Steam Deck ta shigo kasuwa, ƙaramar na'urar wasa ta riƙewa a hannu, kuma SteamOS da ke cikinta Linux ce da aka gina kan Arch, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux. Daga nan manyan wasanni irin Elden Ring da The Witcher 3 da Cyberpunk 2077 suka zama abin bugawa ba wata wahala. Counter-Strike 2 da Dota 2 ma ba sa buƙatar tafinta, da Linux aka haife su. Da na karanta haka sai na ɗauka komai ya zama daidai, na goge Windows kakaf ban duba gem guda ɗaya da muke haɗuwa da abokai a kansa ta intanet ba. Ya ƙi buɗewa. Na yi ta kwafo umarni daga wurin mutanen da ban sani ba ina zubawa a baƙin allon nan na rubuta umarni (terminal), ina canza Proton wannan zuwa wancan, har na lalata abubuwan da suke lafiya lau.

Ashe ba matsala ce da ake gyarawa ba. Wasannin gasa ta intanet da yawa suna zuwa da manhajar hana maguɗi wadda ke shiga can cikin zuciyar Windows ta zauna tana sa ido, kuma Proton ba ya iya fassara wannan, don shi a sama-sama yake aikinsa. Valorant da Vanguard ɗinsa bai taɓa aiki a Linux ba. League of Legends ya yi shekaru yana tafiya ta Wine, da aka sa masa Vanguard a 2024 sai ya tsaya. Fortnite, PUBG na kwamfuta, Call of Duty: Warzone, Destiny 2, duk ƙofa a rufe. Masu ƙwallo su buɗe kunne: tun FIFA 23 da EA ya sa tasa manhajar tsaron, wasan da magadansa na EA Sports FC ba sa tafiya. Har wanda yake aiki yau yana iya dainawa gobe. A Satumban 2024 aka sa wa GTA Online manhajar hana maguɗi ta BattlEye, masu Linux suka rasa ɓangaren intanet, na labari kaɗai ya rage musu, kuma a ƙarshen Oktoban shekarar Apex Legends ya sallame su. Abin haushin, Easy Anti-Cheat da BattlEye sun sanar tun 2021 cewa suna iya aiki da Proton, sai dai mai gem ne ke da ikon kunnawa ko ƙin kunnawa. Lissafin kasuwa ne: a 2024 masu Linux wajen kashi 2 cikin 100 ne na masu amfani da Steam.

Saboda haka ɗauki biro ka rubuta wasannin da kake bugawa da gaske, ba waɗanda kake burin bugawa wata rana ba. Nemi kowanne a ProtonDB, inda masu wasa ke ba da rahoton yadda ya yi musu, daga Platinum har zuwa Borked, wato wanda ba ya ko motsi. Na intanet kuma ka duba su a Are We Anti-Cheat Yet. Ka lura da kwanan watan rahoton da irin injin mai rahoton. Ka kuma sani yawancin rahotannin kan gem ɗin da aka samo daga Steam suke, ba wanda aka tura maka a filash a shago ba. In wanda ka fi so yana cikin waɗanda aka toshe, magana ta ƙare, bar Windows ɗinka a wurinta.

Sai batun inji, wanda masu yabon Linux suka cika tsallakewa. Za ka ji ana cewa ta fi Windows gudu. Wani lokaci haka ne, musamman da katin hoton AMD, don direbobinsa suna cikin Linux tun daga tushe, ba sai ka nemo ba. Nvidia yana aiki, amma sai ka ɗora direban kamfanin da kanka, kuma a laftof mai katin hoto biyu dole ka tabbatar gem ɗin kan babban yake tafiya. Wanda ya fi shafarmu shi ne tsohon Intel. DXVK daga siga ta 2.0 yana neman Vulkan 1.3, su kuwa HD 4000 da HD 4400 na zubi na uku da na huɗu Vulkan ɗinsu bai cika ba. Sai a koma tsohuwar hanyar OpenGL, wadda ta fi nauyi, ka ga gem ɗin da yake rarrafe a Windows ya zauna daɓas a Linux. Na taɓa yi wa wani ɗan uwana alkawarin injinsa zai tashi sama in na sauya masa, ƙarshenta ni na zama makanikensa na kyauta, kullum da ƙorafi. Mai irin wannan inji ya nemi daɗinsa a PPSSPP da RetroArch, manhajojin buga wasannin PSP da na tsofaffin na'urorin wasa, da tsofaffin wasanni marasa nauyi. Waɗannan suna tafiya sumul, kuma ƙwallon PSP da aka saba bugawa a waya ya fi kyau a babban allo.

Wajen zaɓen wace Linux, nan ma na ɓata lokaci da data. Yau wannan, jibi waccan, kowacce sai an sauko da gigabait biyu ko fiye, a sake ɗora komai daga farko. Na ga yara suna ɗora Kali wai don a ce musu hakas. Kali ta masu gwajin tsaron na'urori ce, masu ita da kansu sun ce ba ta dace da sabon shiga ba. Arch kuma sabuntawarta ba ta yankewa, mai sayen data da kuɗin makaranta zai gane kurensa. Ɗauki Linux Mint ko Ubuntu ka zauna a kanta wata shida ka san ta. In injin na wasa ne zalla kuma yana da ƙarfi, Bazzite ta zo da Steam da direbobi a shirye. Wasannin Epic da GOG ana buɗe su da Heroic. Wani abu da ba wanda ya gaya mini: Steam yana sauko da wasu fayilolin hoto da aka riga aka sarrafa don rage sarƙewar gem, kuma yana maimaitawa a kai a kai. Akwai wurin kashe shi a saitin saukarwa. In ba a wayifai kake ba, kashe shi.

Abin da nake yi yanzu shi ne ajiye su biyun a inji ɗaya, kowacce da aikinta. Amma sauri ya haifi nawa. A wajen ɗorawa akwai zaɓin da ke share rumbun ajiya gaba ɗaya, na danna shi ban karanta ba, hotunan bikin gidanmu da rubuce-rubucena suka tafi ba dawowa. Kwashe kayanka zuwa wani rumbu na waje tukuna. Gwada Linux daga filash ba tare da ɗorawa ba, ka ga ko wayifai da sauti da allo suna aiki. In BitLocker, makullin rumbu na Windows, a kunne yake, rubuta mabuɗin nan mai lamba 48 a takarda. Kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Linux za ta tarar da rumbun a kulle. Kada ka fara raba rumbu da mataccen batir kana dogara da wutar NEPA, ɗaukewa ɗaya a tsakiyar aikin ta isa ta cinye komai. Kuma kada ka ce Steam na Linux ya yi amfani da wasannin da ke ɓangaren NTFS na Windows don tsimin data. Yana yiwuwa da dabaru, amma rigimarsa ta fi ribarsa, gara ka kwafe su zuwa ɓangaren ext4 na Linux.

Bayan ka gama za ka ga agogon Windows yana baya da awa ɗaya duk lokacin da ka dawo daga Linux. Ba batirin agogo ba ne ya mutu. Linux tana ajiye agogon inji a kan lokacin UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari, mu kuwa a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya ('yan uwanmu na Gana ba za su ma lura ba). Rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a terminal ɗin Linux. Za ta yi maka gargaɗi game da ƙasashen da ke sauya agogo da rani da hunturu, mu ba ma yi, sai ka wuce.