Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Igiyar Baba

Makon jiya na tsaya a inda na kare kundin digirina na biyu, aka ɗauke ni ƙaramin malami a sashen tsara birane. Ban yi wata uku a kujerar ba Farfesa ya aika a kira ni. Ya zaro kundin nawa daga kan kanta, ya kakkaɓe ƙura, ya ce, "In ka bar shi nan, gara ce za ta karanta shi. Ka fitar da maƙala daga ciki."

Na ce, "To, Malam." A jami'a duk yawan ajin da ka shiga, ranar ƙarin girma abin da ka buga a mujallu ake ƙirgawa.

Kundin a kan awon igiya na rubuta shi. Bakano ba ya buƙatar bayani, amma saboda masu karatu na nesa: gona ce a bakin gari, mai ita ya kira dillalai, a ja igiya a yanka ta fuloti-fuloti, a rubuta takardar ciniki, shaidu da mai unguwa su sa hannu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, amma da yawa daga gidajen Dorayi, Kurna, Sheka da Rijiyar Lemo ba ta wannan ƙofar suka shigo ba. Ni kaina a irin gidan aka haife ni. Mahaifina tsohon dillalin filaye ne, igiyarsa tana rataye a zaurenmu har yau.

Sai dai duk wannan bai shiga maƙalar ba. Kunya nake ji. Na fara da tarihin ganuwar Kano tun daga Sarki Gijimasu, na gangaro kan Muhammadu Rumfa, na zo kan tsarin shekara 20 da Trevallion, wani Bature mai tsara birane, ya zana wa Kano daga 1963 zuwa 1983, na cika sauran shafukan da ra'ayoyin masanan Ingila da Amurka. Kalmar awon igiya ma ban rubuta ta ba ko sau ɗaya, na ari kalmar Turanci mai nufin unguwannin da ba su da tsari. Na tura wa wata mujalla ta waje ba tare da na nuna wa Farfesa ba, wai in ba shi mamaki. Ko mako biyu ba a yi ba editan ya maido da ita da layi uku. Bai ma kai ta gaban masu tantancewa ba, wato masanan da suke duba maƙala kafin a buga ta.

A tsakanin nan saƙonni suka dinga shigo mini ta imel daga wasu mujallu da ban taɓa jin sunansu ba. Suna kirana babban masani, suna alƙawarin bugawa cikin mako biyu in na biya da dala. Wani abokin aikina ya ce, "Kai dai biya, takarda takarda ce." Na so in biya, ba zan ɓoye ba. Da na kai wa Farfesa maganar ya ce mujallun kirki ma wasunsu suna karɓar kuɗi don kowa ya karanta kyauta, amma sai bayan an tantance. "Wanda ya yi maka alƙawarin bugawa tun bai karanta ba, aljihunka ya karanta."

Sannan ya zaunar da ni kamar ɗan firamare. Ya zaɓi wata mujallar, ya sa na karanta maƙalu goma daga cikinta don in ga irin tambayoyin da suke so, ya sa na buga ƙa'idojin marubuta na liƙa a bango. Tarihin ganuwa ya koma jimla biyu. Na matse tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar, cikin adadin kalmomin da suka yanka, na sake zana taswira da ma'auni da kibiyar arewa, na jera tsoho da sabon hoton Google Earth na unguwa ɗaya don a ga yadda gonaki suka zama gidaje. Manazarta na shirya su da manhajar Zotero. Na cire sunana daga ko'ina, domin mai tantancewa bai kamata ya san wa ya rubuta ba, kai ma ba za ka san shi ba. Na haɗa da wasiƙa ga edita mai shaida cewa ban tura wa wata mujalla ba. Daren da zan ɗora ta aka ɗauke wuta, da hasken waya na ƙarasa.

Wata huɗu shiru.

Amsar da ta zo cewa ta yi a yi gyara mai yawa a dawo da ita. Mai tantancewa na farko bai wahalar da ni ba. Na biyun kuwa shafi uku ya cika, kuma tambaya ɗaya ya yi ta juyawa. Ya rubuta cewa marubucin, wato ni, ya ce unguwannin nan ba su da tsari. To wa yake yanke faɗin lungu? Wa yake cewa nan ne masallaci? In maƙwabta sun yi rigimar iyaka, gaban wa ake zuwa? Ya ce in dubban mutane sun sayi fili sun gina sun zauna lafiya, akwai wanda yake tsarawa, marubucin ne bai tambaye shi ba.

Raina ya ɓaci. Wani da wataƙila bai taɓa taka Kano ba zai koya mini unguwarmu? Farfesa ya ce in jefa takardar a durowa, kada in taɓa ta sai bayan kwana uku.

A rana ta huɗu bayan sallar isha na sami Baba a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, in za ku ja igiya, wa yake cewa a bar hanya?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka yi shekara biyu kana yawo da takardu gida-gida kana tambayar mutane, sai yau ka ga zauren nan?"

Ban ce komai ba.

Ya ce shi a zamaninsa ba ya yanka lungun da makara ba za ta wuce ba, da mutanen da ke ɗauke da ita. Ba ya auna gona sai ya tambayi manomin inda ruwa yake bi da damina. Filin masallaci tun kafin a fara ciniki ake roƙon mai gona ya ware. Ya kuma faɗa mini inda abin yake lalacewa: mai gona ya ga kuɗi ya cinye hanyar, ko mai gini ya turo katanga taku biyu, na kusa da shi ya ce shi ma ba zai yarda ba, ko a cike kududdufi a sayar, ruwan ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Ya lissafa mini tsofaffin abokan sana'arsa da suke raye, da unguwar da kowanne ya yanka.

Washegari na rubuta wa editan na roƙi ƙarin wata biyu. Ya ba ni. Na sayi sabon littafin rubutu, Baba ya sa babbar rigarsa, muka tari adaidaita sahu zuwa gidan mutum na farko a jerin. Yadda tsohon ya karɓe mu, da abin da ya sa ya hana ni kunna rikoda, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.