Garejin dila ko na ƙwararre: abin da na koya a teburin karɓar motoci

Aikina shi ne in karɓi mota daga hannun mai ita, in rubuta abin da ya ce yana damunta, in miƙa wa kanikawa, sannan in dawo in yi masa bayanin abin da aka yi da abin da zai biya. Na yi wannan aiki a garejin babban dila, wato wakilin kamfanin da ya ƙera motar, daga baya kuma na koma gareji mai zaman kansa wanda ya ƙware a kan manyan motocin Turai. Shi ya sa duk wanda ya sayi Mercedes ko BMW ko Range Rover cikin 'yan uwa da abokai, tambayarsa gare ni ɗaya ce: ina zan riƙa kai ta sabis? So suke in nuna musu ƙofa guda su huta. Ni kuwa sai na ji shekarun motar da irin aikin da za a yi mata kafin in buɗe baki.

Abin da dila yake da shi wanda ba kowa ke da shi ba, shi ne alaƙa da masana'anta. Da zarar an shigar da lambar shasin mota, mai haruffa da lambobi 17, kwamfuta za ta nuna ko kamfani ya yi kiranye a kanta, wato ya nemi a dawo da irinta a gyara wani lahani, ko akwai sabuwar manhaja da ba a ɗora mata ba, ko wata sanarwa da aka aiko wa kanikawa kan matsalar da aka gano a irin wannan samfuri. Aikin kiranye kyauta ake yin sa, kuma a hannun wakilin kamfani ake yin sa. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda ke iya fashewa su watsa ƙarfe a fuskar direba, sun jawo kiranye mafi girma a tarihin motoci, kuma BMW na cikin kamfanonin da abin ya shafa. A 2018 ma BMW ta kira motocin dizal kimanin miliyan 1.6 a faɗin duniya saboda wani sashe mai sanyaya hayaƙin inji da ke iya yoyo har ya haddasa gobara. Duk iyawar bakanike, idan bai duba wannan rajista ba, mota za ta fita daga hannunsa da haɗarinta a jikinta.

Akwai kuma alfarma. Idan babban abu ya lalace jim kaɗan bayan garanti ya ƙare, kamfani yakan ɗauki wani kaso na kuɗin gyara. Ba haƙƙin mai mota ba ne, roƙo ne dila ke turawa, kuma abin da ake fara dubawa shi ne inda aka riƙa yi wa motar sabis. Na cike irin wannan takarda da hannuna, na ga wadda aka amince da ita, na ga wadda aka mayar.

Amma maganar da ake tsorata mutane da ita, wai muddin wani ya taɓa motar garanti ya tashi, ba haka take a ko'ina ba. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa. A Tarayyar Turai akwai ƙa'ida mai lamba 461/2010, wadda aka tsawaita zuwa 2028, da ke kare damar garejoji masu zaman kansu. Wanda ƙasarsa ba ta da irin wannan doka, littafin garantinsa ne alƙali, sai ya zauna ya karanta shi. Ko inda dokar take, ranar da inji ya buga, mai mota za a ce ya kawo shaida: rasit mai kwanan wata, da kilomita, da ainihin nau'in baƙin man da aka zuba. Rasit da aka rubuta "juyen mai" kawai ba zai tsaya masa ba.

Darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda ake ƙirga lokaci. A wurin dila, kowane aiki yana da lokacin da kamfani ya yanka masa, kuma da wannan ma'auni ake auna ƙwazon bakanike. Canza birki yana da lokacinsa, canza famfon ruwa yana da nasa. Abin da ba ya shiga ma'auni da kyau shi ne bincike, wato zaman da mutum zai yi yana bin waya ɗaya bayan ɗaya har ya kama inda cutar take. Na yi aiki da kanikawa masu hannu ƙwarai a wurin dila, mutanen da kamfani ya horar, amma motoci na jere a bayansu, agogo kuma na tafiya. Ga shi tsarin kamfani sau da yawa bai yarda a buɗe sashe a gyara cikinsa ba, sai dai a cire shi ɗungurungum a sa sabo. Idan mota na cikin garanti wannan alheri ne ga mai ita, tunda ba shi zai biya ba. Idan ta kai shekara takwas ko goma, aljihunsa ne zai ji a jikinsa.

Ɗauki ƙafar iska, irin wadda ke jikin Range Rover da manyan Mercedes. Mota ta kwana, da safe a tarar gefe ɗaya ya zauna. Kwamfuta ta ce injin da ke hura iska ya gaza. Gaskiya ta faɗa, ya gaza, amma me ya kashe shi? Sau tari wata 'yar ɓula ce a jakar robar shokozoba ko a bututu, iska na zurarewa, injin na ta aiki ba hutu har ya ƙone. Mai gaggawa zai sa sabo, motar ta miƙe, kowa ya yi murna, bayan 'yan watanni sabon ma ya bi sahun tsohon. Maigidana a gareji mai zaman kansa ba ya yarda a taɓa komai sai an auna tsayin kowace kusurwa, an fesa ruwan sabulu a jakunkunan da mahaɗan bututu, an bar motar ta kwana an sake aunawa. Abin da kwamfuta ke nunawa alama ce ta inda ciwo ya bayyana, gano tushensa kuwa aikin mutum ne mai haƙuri, kuma wannan haƙurin ne mai mota ke saye a wurin ƙwararre.

Haka batun man giya. Akwai kamfanonin mota da suka daɗe suna cewa man giyar otomatik na har abada ne, ba a canza shi. Amma ZF, kamfanin Jamus da ke ƙera giyabos mai hawa takwas da ke cikin BMW da Jaguar da Land Rover da yawa, da kansa yake ba da shawarar a canza, har yana sayar da man tare da faranti mai matata a jikinsa. Dila jadawalin kamfanin mota yake bi, wanda aka tsara da tunanin shekarun farko. Wanda ya yi niyyar riƙe motarsa har ta tsufa yana bukatar mai gaya masa wannan.

Sai dai sunan gareji mai zaman kansa ya haɗa gwani da mai lalube a inuwa ɗaya, kuma a nan mutane ke ƙonewa. Kowace babbar mota tana da manhajar gwajinta: Xentry ta Mercedes, ISTA ta BMW, ODIS ta Audi da Volkswagen, PIWIS ta Porsche. 'Yar na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta karanta lambobin inji ba ta ganin yawancin ƙwaƙwalen, wato ƙananan kwamfutocin, da ke cikin irin waɗannan motoci, waɗanda sukan kai gommai. Ko batir aka canza wa BMW ta zamani, sai an yi masa rajista a kwamfutar motar, in ba haka ba za ta ci gaba da cajin sabo kamar tsoho, ya mutu kafin lokacinsa. Baƙin mai ma ba kauri kaɗai ake dubawa ba, akwai lambar amincewar kamfani a jikin galan: 229.51 ga Mercedes, Longlife-04 ga BMW, 504 00 da 507 00 ga Audi. Motar dizal mai matatar hayaƙi, aka ɗura mata mai mai yawan toka, matatar toshewa za ta yi. Araha ba ta ado, balle a nan inda kuskuren galan guda zai iya jawo aikin da ya ninka kuɗin sabis sau da yawa.

Kayan gyara kuma, ba lallai sai mai tambarin motar ba. Bosch da Mahle da Mann da Lemförder da Brembo su ne dai masu ƙera wa masana'antun, suna kuma sayarwa a kwalinsu. Abin gudu shi ne jabu, kuma gareji na gari ba ya jin nauyin faɗin inda ya sayo kaya, ko nuna wa mai mota tsohon da aka cire.

Wani dattijo ya taɓa kawo mana mota da fitilar gargaɗin jakar iska a kunne, ya ce a kashe masa ita kawai, tafiya ce a gabansa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kashe ta minti biyu ne, amma ranar da aka yi karo jakar ba lallai ta buɗe ba. Ka ba mu yau mu gano dalili." Bai ji daɗi ba, amma ya bari. Mahaɗar waya ce a ƙarƙashin kujera ta saki. Garejin da zai goge gargaɗi ba tare da ya nemi musabbabinsa ba, ko na dila ne ko na waye, ba na tura kowa can.

Ga yadda nake raba wa mutane aikin. Muddin mota na cikin garanti, da 'yan watannin da ke biye da shi, ta zauna a wurin dila. Kiranye, da sabunta manhaja, da yanka sabon makulli, su ma can. Bayan nan, sabis da birki da ƙafa da yoyon mai da duk wata cuta mai wuyar ganewa, a nemi ƙwararren da ya san wannan samfuri, a tambaye shi manhajar da yake aiki da ita, a kuma tabbatar yana shigar da aikin a kundin sabis, domin yanzu kundin Mercedes da BMW a intanet yake, kuma mai saye na gaba zai nema. Lokaci zuwa lokaci a ba dila lambar shasi ya duba ko an yi sabon kiranye.

Abu biyu ne nake taka-tsantsan da su fiye da da. Idan aka canza gilashin gaba, kyamarar da ke bayansa, wadda ke lura da layin titi take kuma sa mota ta taka birki da kanta, tana bukatar a sake saita ta da kayan awo na musamman. Sai motocin lantarki da masu haɗa fetur da batir: wayoyinsu masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke kisa, Porsche Taycan da ta fito a 2019 da bolt 800 take aiki. Wanda ba a horar da shi ba kada ya kusance su.

Kamfanoni kuma suna ƙara kulle ƙwaƙwalen sababbin motoci, ta yadda sai gareji ya yi rajista ya biya kafin a buɗe masa. A 2020 masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka sun amince, da kusan kashi 75 cikin ɗari, a ba masu motoci da garejojinsu damar samun bayanan da mota ke aikawa ta iska, kamfanonin suka garzaya kotu. Wannan kullewar tana damuna, domin na san kanikawa masu hannu waɗanda kuɗin rajistar zai fi ƙarfinsu. Waɗanda ke biya kuwa dole kuɗin ya fito a lissafin mai mota, don haka idan ƙwararre ya faɗi farashin da ya matso kusa da na dila, ina roƙon mai motar ya tambaye shi abin da ke cikin kuɗin kafin ya juya ya tafi.