Motar ta tsaya, ni ban tsaya ba

Tun muna sakandare muka haddace dokokin motsi guda uku na Niyuton, muka zuba su a jarabawa muka wuce, amma wallahi ta farkon ba ta zauna min a kai ba sai ranar da direba ya taka birki kwatsam muna tsakar gudu, mota ta tsaya cak, ni kuwa sai ji na yi goshina ya daki kujerar gaba. Ba wanda ya tunkuɗa ni fa. Birki tayoyi ya kama, bai kama ni ba, sai jikina ya ci gaba da tafiyar da yake yi.

Dokar kenan gaba ɗayanta: abu in yana ajiye zai ci gaba da zama, in yana tafiya zai yi ta tafiya a miƙe da gudu ɗaya, har sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Rabin farko kowa ya yarda. Rabi na biyun ne hankali ke ƙi, don kullum muna ganin an buga ƙwallo ta mirgina ta mirgina ta tsaya, sai mu ce ai ƙarfinta ne ya ƙare. Aristotil ma, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, a ganinsa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, kuma an daɗe ana bin sa a kai, har Galiliyo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya zo yana gangara ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci, sannan Niyuton ya tsara abin a littafinsa na 1687.

Gogayya ce ke tsayar da ƙwallon nan, ƙasa na cin ta ta ƙasa, iska na tare ta ta gaba. Cire su ka ga ikon Allah. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau yana ta tafiya, wajen kilomita 17 duk sakan ɗaya, kuma ba injin da ke ingiza shi gaba, kawai dai ba abin da zai tare shi ne a can. Ni kam duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Doka ta biyu kuma ita ke cewa yawan ƙarfin da ake bukata ya danganta da nauyin abu da kuma saurin da kake so gudunsa ya canza, shi ya sa tsayawar farat ɗaya ke da muni haka. Mota in tana kilomita 100 a awa, kai da ke ciki kana cin kusan mita 28 duk sakan, kuma dole wani abu ya tsayar da kai, ko bel ɗin kujera ko gilashin gaba. Tun ranar nan ban sake zama a mota ban ɗaura bel ba.