Asabar a Kolombus: ƙwallo, shinkafa da ayaba, da lissafin Janairu

Asabar, 30 ga Agusta, 2025

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da uwargida da autanmu. Daga Sinsinati zuwa Kolombus mil ɗari ne da 'yan kai a kan babbar hanya ta 71, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba idan hanya a sake take. Yau kam ba a sake take ba, don jami'ar Ohio State na da babban wasan ƙwallon Amurka da jami'ar Teksas. Gari bai gama wayewa ba motoci suka jeru, kowace da jar tuta maƙale a taga, wasu sun ɗauro murhun gashi a baya. Uwargida ta cika but da kilishi, yaji, dambun nama, garin kunu, da bargon da Mamana ta manta ranar da muka mai da ita makaranta. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanta. Shekararta ta biyu ke nan a jami'ar Ohio State.

Wurin ajiye mota shi ne jarrabawar farko. Can nesa da makarantar muka ga wani dattijo ya kafa kujera a ƙofar gida, riƙe da kwali, yana sayar da fili a kan ciyawar tsakar gidansa. Na biya abin da ya rubuta, tunda a nan ba a tayi, ba a cewa albarka. Sauran muka taka da ƙafa.

A bakin titin High muka haɗu da ita. Jan hijabi, riga ruwan toka, launukan makarantar ke nan. A wuyanta ta rataya sarƙar 'ya'yan buckeye, bishiyar da jihar nan ke tinƙaho da ita. Idan ka gan su ka ce daushen goro ne, sai dai guba ce, ba a ci. Uwarta na cikin duba ta sama da ƙasa tana cewa "kin rame", wani ƙato da ya shafe fuska da jan fenti ya kwarara ihu daga tsallaken titi: "O-H!" Kafin in waiwaya Mamana ta amsa da iya ƙarfinta: "I-O!" Uwargida ta dafe ƙirji.

"Kin san shi ne?"

"A'a, Umma. Haka ake yi, haruffan sunan jihar ne, Ohio."

Ta ja mu zuwa zauren St. John, inda makaɗan jami'ar ke gwajin ƙarshe kafin wasa, kuma shiga kyauta ne. Wannan na ji daɗinsa ƙwarai. Mutum sama da ɗari biyu, ba komai a hannunsu sai ƙahonnin tagulla da ganguna, suka saki kiɗa a rufaffen wuri har na ji shi a haƙarƙarina. Mamana ta ce tun 1936 suke da al'adar jeruwa a fili su rubuta sunan jihar da jikkunansu, kuma mai busa babban ƙaho ɗaya, wanda ya daɗe a cikinsu, shi ake bai wa girman ɗiga ɗigon harafin i. Wai akwai yaran da tun suna sakandare wannan ɗigon suke mafarki. 'Yan wasan suka ratso cikin zauren, kocinsu Ryan Day ya yi 'yar magana, wuri ya kaure.

A waje kuwa duk inda mota za ta iya tsayawa an kafa rumfa. Kujeru, talabijin, hayaƙi, kakanni da jikoki. Mutanen kirki ne, ba su san ka ba za su miƙo maka faranti, amma yawancin abin da ke kan wutar naman alade ne, abin da ke cikin kofunan kuma giya ce, tun hantsi. Na yi ta godiya ina wucewa har bakina ya gaji.

Wasan na yau ba ƙarami ba ne. Ohio State ce ke riƙe da kofin ƙasa, wanda ta ci a Janairu bayan ta doke Notre Dame, Teksas kuma ita masu jera ƙungiyoyi suka sa a lamba ɗaya kafin a fara kaka. Filin, wanda aka gina a 1922 a bakin kogin Olentangy, yana ɗaukar mutum sama da dubu ɗari, duk da haka tikiti ya yi tsadar da ban ma ɓata lokaci ina nema ba. Mamana tana da nata na ɗalibai, da kuɗin aikin da ta yi a hutu ta saya. Ta ce an taya shi da kuɗi masu kauri ta ƙi sayarwa. Na buɗe baki zan yi lissafin littattafan da kuɗin za su saya, uwargida ta taka mini ƙafa. Gaskiyarta. Guminta ne.

Ita ta shige fili, mu muka koma mota muka nufi arewacin gari, titin Morse. Bayan Miniyafolis, babu garin da ya kai Kolombus yawan 'yan Somaliya a Amurka, kuma albarkacinsu Musulmi ba ya rasa inda zai ci hankali kwance. Gidan abincin da muka shiga ƙarami ne, tebura kaɗan, talabijin a manne a bango, samari sun riga sun zagaye shi. Muna zama ana nuno wani tsoho ɗan shekara 90, Lee Corso, a tsakiyar fili. Shekara da shekaru yana faɗin wanda zai ci wasa ta hanyar kifa kan dodon ƙungiyar a kansa, kuma a garin nan ya fara, a 1996. Yau ce ranarsa ta ƙarshe a aikin. Ya ɗauki kan Brutus, dodon Ohio State, ya kifa. Samarin suka tashi tsaye suna tafi, yaran da iyayensu suka zo daga Mogadishu da Kismayo.

Aka kawo shinkafa doguwa mai ƙamshin kanumfari da kirfa, da naman akuya da ya dahu har yana sakin ƙashi, da koren yaji a ɗan kofi, sai ayaba guda a gefen kowane faranti, da ɓawonta. Uwargida ta ture tata gefe, wai sai ta gama. Mai gidan, dattijo mai jan gemu na lalle, ya zo ya tsaya a kanta yana murmushi, ya nuna mata da hannu: a ɓare, a gutsura, a haɗa da lomar shinkafa. Ta gwada don kunya. Loma ta biyu ba wanda ya ce mata ta yi. Zaƙin ayabar yana kwantar da zafin yajin, maiƙon naman kuma ya bi ta kansu. Aka biyo da shayi mai madara da citta.

Auta ne malamina a wasan. Ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma, in ka ci a sake ba ka huɗu, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki shida, a buga ta tsakanin sanduna a ƙara ɗaya. Ni da na tashi ina kallon Kano Pillars a filin Sani Abacha, abin da ke ba ni haushi shi ne tsaye-tsayen: daƙiƙa biyar ana gwabzawa, minti guda ana shawara, sai talla. Amma akwai wurin da ya kama ni. Bayan an dawo hutun rabin lokaci, Teksas ta iso yadi ɗaya tak daga layi, dama ta huɗu. Mai jefa musu ƙwallo, Arch Manning, jikan Archie kuma ɗan wan Peyton da Eli, duka tsofaffin taurarin wasan, wanda aka shafe watanni ana zuzuta shi, ya tura kai cikin tarin ƙattai, suka tokare shi bai wuce ba. Ban san sa'ad da na miƙe ba.

Hutun rabin lokacin ya faɗo daidai azahar, Ohio State na gaba da 7 da 0. Muka yi salla a wani masallaci da ke kusa, muka dawo. A nan ne mai sharhi ya ambaci albashin koci, dala miliyan 12 da rabi a shekara, auta ya fassara wa uwarsa. Ta ajiye kofin shayi.

"Malam, kuɗinmu ne ake ba shi?"

Na ce a'a. Jami'ar tana cewa sashen wasanninta shi ke ciyar da kansa, daga tikiti da kuɗin talabijin da masu ba da gudummawa, ba ya taɓa kuɗin makaranta. Daga bana ma, bayan wani sulhu da kotu ta amince da shi a Yuni, an yarda manyan jami'o'i su raba wa 'yan wasansu har dala miliyan 20.5 a shekara. Ta ce to Allah ya sanya alheri, amma tunda an tayar da maganar kuɗi, in ciro biro.

A bayan takardar da ta naɗo ayabar muka yi lissafin. Kuɗin karatu ga ɗan jiha dala dubu 13 ne da 'yan kai a shekara. Ɗaki da abinci wajen dubu 15. Ban da littattafai, ban da sabulu da kuɗin mota. Ɗan wata jiha kuwa karatun kaɗai ya kai dubu 40. Abu ɗaya da ke kwantar mini da hankali shi ne farashin da ɗan jiha ya shiga da shi ana daskare masa har shekara huɗu, don haka na san abin da ke gabana. Amma dubu 28 ɗin nan, in ka juya shi a canjin yau, ya haura naira miliyan 40. Rannan ƙanena ya bugo daga gida yana so in taimaka da kuɗin rufin shago, na faɗa masa wannan adadin, ya yi dariya, ya ɗauka hanyar hana shi nake nema.

Mun cika FAFSA, takardar neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, kamar kowa. Tallafin Pell, wanda kyauta ne ba bashi ba, iyakarsa dala 7,395, kuma albashina da na uwargida in an haɗa sun sa kaɗan muke samu daga ciki. A idon gwamnati muna da hali. A idon asusunmu na banki kuwa sai a hankali. Ɗalibin shekara ta biyu zai iya karɓar bashin gwamnati har 6,500, kuma 4,500 daga ciki gwamnati ce ke ɗauke kuɗin ruwansa muddin yana makaranta, da wata shida bayan ya gama. Wannan kaɗai na yarda Mamana ta karɓa, da niyyar mu biya kafin ruwan ya fara hawa, ko da yake na san malamai ba bakinsu ɗaya ba ko a kan wannan. Wanda ake tallata wa iyaye, Parent PLUS, bana ruwansa kashi 8.94 cikin ɗari ne, kuma kafin kuɗin su iso an zaftare sama da kashi 4 na hidima. Ko da babu maganar riba, mai hankali zai yi tunani sau biyu. Da maganar riba kuwa, ni dai ba zan sa hannu ba.

Mai jan gemu ya leƙo takardar, ya gane ba tare da ya ji Hausa ba. Ya ce nasa ɗan ma a can yake karatu, amma a gida yake kwana, bas yake shiga. Dokar makarantar ita ce ɗalibi ya zauna a ɗakunanta shekara biyu na farko, sai wanda gidan iyayensa ke cikin mil 25. Wato shi dubu 15 ɗin nan ba ta shafe shi ba. Uwargida ta dube ni, na san abin da ke ranta: da mun koma Kolombus tun bara. Na ce aikin fa? Ta ce ai tsofaffin da za a kula da su ba su ƙare a Sinsinati ba. Ba mu gama wannan ba.

An tashi 14 da 7. Teksas ta samu nata a mintunan ƙarshe, ta sake karɓar ƙwallo ta tayar wa kowa da hankali, aka tare ta. Sa'ad da muka koma kusa da fili ana ta buga ƙararrawar nasara, Mamana ta fito cikin turmutsutsu, murya ta dishe, hijabi ya karkace.

"Baba, mun ci! Ka ga yadda muka tare su?"

Mu. Yarinyar da a sakandare ta yi shekara guda tana cin abincin rana ita kaɗai. Ga ƙawaye biyu a bayanta, ɗaya Baturiya daga wani ƙauyen manoma, ɗaya 'yar Indiya, duka suka gaishe ni da "sannu Baba" da ta koya musu. Baturiyar ta miƙo mana gwangwanin alawar da kakarta ta yi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da sukari an mulmula an tsoma a cakulan, an bar ɗan ido a sama. Uwargida ta rama da kilishi, ta gargaɗe ta kan yaji, ba ta ji ba, muka tsaya neman ruwa.

A hanyar dawowa muka yanke abin da za mu iya. Uwargida za ta roƙi matan adashinsu a mayar da kwasarta Disamba, don kuɗin zango na biyu a farkon Janairu ake nemansu. Ni zan karɓi aikin Lahadi a masana'anta daga mako mai zuwa, sauran kuma mu biya kashi-kashi kamar yadda makarantar ta yarda. Muna wuce wajen Wilmington auta, da na ɗauka barci yake, ya ce shi in ya gama sakandare jami'ar Mishigan zai tafi, tunda shekara huɗu a jere suna lallasa Ohio State. Na ce masa ɗan wata jiha a can karatu kaɗai ya haura dala dubu 60. Ya ce to zai koyi buga ƙwallo. Uwarsa ta ce ya fara koyon wanke farantin da ya bari a kicin tun jiya.