Shafi Huɗu, Na Karanta Ɗaya

Shekara tara ke nan ina koyar da Hausa a wata sakandaren gwamnati da ke ƙasar Talata Mafara, kuma duk cikin shekarun nan babu abin da nakan tuna in ji kunya ta rufe ni kamar wani insha'i mai shafi huɗu da na ba maki huɗu cikin ashirin, alhali shafin farko kaɗai na karanta. A shekarata ta uku da fara aiki abin ya faru, lokacin da nake ganin babu wanda ya kai ni sanin ƙa'idojin rubutu a duk ɗakin malamai, ina yawo da jan biro uku a aljihun gaba.

Ni kaina Bazamfare ne, da "shina" da "munka" na buɗe baki. Amma a makon farko da na je karatu Kano na tambayi wani abokin ɗakina, "Mi kaka yi?", ɗaki ya kwashe da dariya, kuma har na gama karatu babu mai kira na da wani suna sai Mikaka. Na shafe shekara huɗu ina kankare bakina kamar mai kankare ƙanzo a gindin tukunya, na dawo gida da imanin cewa babban alherin da zan yi wa yaran garinmu shi ne in kankare nasu tun kafin a yi musu dariya a waje. Niyyar ba muguwa ba ce, sai dai na haɗa karin harshe da kuskure na ba su suna ɗaya, na kuma yi musu hukunci ɗaya.

A zango na biyu na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare jinga su rubuta insha'i a kan "Ranar da ba zan manta da ita ba". Su saba'in da 'yan kai ne a ajin, ga wasu azuzuwa huɗu suna jira na, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar irin wannan kaya ya san yadda ake duba takardu: a karanta shafin farko, a ƙirga kurakurai, a dubi tsawo, a ba da maki. Yawancinsu ranar Sallah suka rubuta, ko ranar da aka fara kai su Gusau, rabin shafi rabin shafi. Yaro ɗaya, wanda bai daɗe da zuwa makarantar ba, mai zama a bencin ƙarshe kusa da taga, shi ya ciro falle biyu daga tsakiyar littafinsa ya cika su ciki da baya da ƙanƙanin rubutu. Ga yadda ya fara: "Ran nan da marece munka dawo daga gona, baba shina ɗamre jakinai ga icce, inna tana damun hura." A wannan jimla guda na zagaye kalma bakwai da ja. Kafin in kai ƙarshen shafin ya koma kamar an yanka kaza a kansa, na rubuta "4/20, wannan ba Hausa ba ce", na ajiye.

Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Washegari sai na shiga aji da takardar don ta zama misali, na karanta jimlar nan da ƙarfi, ina jan "jakinai" ina karkace baki. Aji ya ɗauki dariya har da masu dukan benci, ga shi kuwa babu ɗaya cikin masu dariyar da ba haka uwarsa take magana ba. Malam ne ya nuna musu abin dariya ne, suka bi. Ban faɗi sunansa ba, ba a kuma buƙaci in faɗa ba, domin shi kaɗai ya sunkuyar da kai. Kafin a dawo daga tara, sunansa ya koma Jakinai.

Sai bayan mako uku, ranar da na zauna shigar da makin gwaji a rijista, takardar ta sake faɗowa hannuna, kuma da yake ina jiran wani malami da za mu koma gida a babur ɗaya, na juya shafi na biyu don in kashe lokaci. Ashe shafin farko shimfiɗa ce kawai. A daren ranar ne 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu. Ya rubuta yadda suka ji ƙarar babura kafin su ji harbi, da yadda suka tsallake danga ta baya: "Inna tac ce kak ku yi kuka, munka shiga cikin gero, ƙanena shina kwana ga bayana, bai san mi aka ciki ba." Ya kawo labarin daki-daki, babu kalma ɗaya ta neman tausayi, har zuwa wayewar gari da suka iske kansu a bakin titi ba takalmi. Ya rufe da cewa, "Jakin nan da baba yaɗ ɗamre, ba mu samu kwance shi ba." Duk abin da nake fama in koya musu game da gabatarwa da gundarin labari da kammalawa, da yadda ake shuka abu a farko a girbe shi a ƙarshe, yaron nan ya yi shi ba tare da ya san sunayensu ba, kuma jakin da na mayar abin dariya shi ne ginshiƙin labarin.

Da safe na kira shi gindin dogonyaron da ke bayan ɗakin malamai. Ya zo ya rusuna. Na ce, "Na karanta sauran takardarka jiya. Ban kyauta maka ba, ka yafe mini." Ya ce, "Babu komai, Malam, ai na gyara. Yanzu ina rubuta daidai." Da Hausar littafi tsaf ya ba ni amsa, yana auna kowace kalma kafin ya fitar da ita, kuma da ya yi fushi ya tafi da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ya faɗa, ya gyara. Daga ranar duk insha'in da ya kawo bai wuce layi goma sha biyu ba, babu inda jan biro zai taɓa, babu kuma komai a ciki.

Ɓarnar ba a kansa kaɗai ta tsaya ba, ta shiga nahawun ajin gaba ɗaya, wannan ma ban gano shi da wuri ba. A bakin mutanenmu "munka" ita ce "muka" ta daidaitacciyar Hausa, "muka" kuwa ita ce "muke". Idan Bazamfare ya ce "aikin da munka yi", an gama aikin. Idan ya ce "aikin da muka yi", ana cikin yin sa. Haka "sunka" da "suka", haka "anka" da "aka". Jan birona kuwa "munka" kaɗai yake gani, saboda ita ce baƙuwa a ido, "muka" kuma ko a ina ta zo nakan wuce ta tunda ta yi kama da ta littafi. Sai yaran suka yi abin da kowane mai hankali zai yi, suka cire "n" daga "munka" suka bar "muka" yadda take. Aka wayi gari lokuta biyu sun zama ɗaya a rubutunsu, ina samun jimloli irin "makarantar da muka karatu yanzu" da "halin da aka ciki a garinmu". Sun zo mini da cikakken tsarin lokuta wanda bai taɓa ruɗa su ba a gida, na rushe shi na bar su da rabi.

Wani dattijo mai koyar da Larabci, wanda dukkanmu muke kira Baba Malam, shi ya ƙarasa farkar da ni. Ya same ni ina shirya darasin waƙar baka, na kunna waƙar Musa Ɗanƙwairo a waya ina rubuta ɗiyanta, wato baitocinta, sai ya tsaya ya saurara jim kaɗan, ya ce, "Malam, wanga mutum da kaka koya musu, in yak kawo maka takardatai, nawa za ka ba shi?" Ya wuce abinsa. Ɗanƙwairo na Maradun ne, Sa'idu Faru ma daga ƙasar Maradun ya fito, Salihu Jankiɗi kuma haifaffen Rawayya ne. Wato ranar Talata ina gaya wa yara cewa waɗannan su ne ƙololuwar fasahar Hausa, ranar Alhamis kuma ina rubuta wa mai magana da bakinsu "wannan ba Hausa ba ce". Hatta "ɗiyan waƙa" da nake rubutawa a allo, wadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yaɗa a fagen nazarin waƙar baka tare da "turke" (jigon waƙa) da "gindin waƙa" (amshinta), ai "ɗiya" ɗin namu ne, wanda da yaro ya sa a insha'i da na zagaye shi na rubuta "'ya'ya" a samansa.

Abin da nake yi yanzu ba wani abin a zo a gani ba ne. Nakan raba allo biyu, gefe guda in rubuta "bakin gida", ɗaya gefen "bakin takarda", kuma su ne suke cika gefen farko, ba ni ba. Idan mallaka muke yi, su kawo "gidanai" da "rigatai", mu ajiye "gidansa" da "rigarsa" a gabansu, su gani da idonsu cewa jinsin abin da aka mallaka ne yake juya kalmar a nan da can. Idan dirka ce, "shi na" da "ita ta" su tsaya daura da "shi ne" da "ita ce". Inda abin ya fi yi mini daɗi shi ne shuɗaɗɗen lokaci, wanda da nakan kwashe darasi uku ina bayani ba su kama ba. Tunda ba ma nuna tsawon wasali a rubutu, "ya zo" ta cikin "Audu ya zo" da "ya zo" ta cikin "jiya ne ya zo" kamarsu ɗaya a takarda, alhali ta farko shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ce, ta biyu na biyu. Yanzu cewa kawai nake yi su faɗi jimlar yadda za su faɗa wa kakarsu: in ta fito "yaz zo" ko "tat tahi", na biyu ne. Cikin minti goma an gama. Nakan kuma gaya musu cewa "zamna" da "sabka" da "abduga" sun girmi "zauna" da "sauka" da "auduga", abin da masani Bajamushe Klingenheben ya bayyana tun wajen 1928, shi ya sa ma har a Hausar littafi jam'in "juji" yake "jibaje", inda tsohuwar "b" ta sake fitowa. Duk ranar da na faɗi wannan nakan ga 'yan bencin baya sun gyara zama.

Kada wani sabon malami ya ɗauka ina cewa a sakar musu ne. Masu duba jarrabawar WAEC da NECO daidaitacciyar Hausa suke nema, kuma wanda ya bar ɗalibinsa ya shiga zauren jarrabawa da "hwari" da "biyat" ya cuce shi. Abin da nake gaya musu shi ne, wannan Hausar ta takarda yarjejeniya ce da aka gina a hankali, tun daga aikin ɗab'i na Zariya da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, zuwa Hukumar Hausa ta 1955 da tarurrukan Bamako a 1966 da Kano a 1972, an kuma jingina ta ga Kananci don mutumin Yawuri da na Haɗeja su karanta takarda ɗaya su fahimta. Dole su iya ta, kamar yadda dole su sa kayan makaranta, amma babu wanda ya ce rigar gida tsumma ce. Saboda haka biro biyu nake riƙewa. Kore na karin harshe ne, ina ja masa layi in rubuta takwararsa a sama. Ja kuwa na kuskure ne na gaske: "su ka" da "ya na" da aka raba, "zasu" da "shine" da aka haɗe, ƙugiyar da aka yar har "ƙasa" ta koma "kasa" "baƙi" ya koma "baki", da annobar da WhatsApp ya kawo mana ta "xan" da "qasa" da "ngd". A nan ba na sassauci ko kaɗan, kuma ina ganin da tun farko a nan na zuba ƙarfin da na ɓata wajen yaƙi da "munka", da yanzu an wuce wurin.

Sai ƙa'ida guda da na ɗora wa kaina, wadda take ci mini dare biyu ko uku a kowace jinga: ba na ɗaukar biro sai na karanta takarda daga farko har ƙarshe, kuma kafin maki nakan rubuta jimla ɗaya a kan abin da yaron ya faɗa, ba yadda ya faɗa ba. Abokan aiki suna cewa da ɗalibai ɗari uku wannan wahalar da kai ce, ban kuma musa musu ba, sai dai na rage yawan jingar da nake bayarwa. Takardar ɗalibi kuwa ban sake karanta ta a gaban aji ba sai da izininsa.

Yaron ya ci Hausa a jarrabawar fita, na ga sakamakonsa. Sau biyu na roƙe shi ya sake rubuta labarin nan, ko da bakin gida ko da bakin takarda, duk wanda ya ga dama, sau biyun yana cewa "To, Malam", bai kawo ba. Na soke huɗun na rubuta goma sha takwas a gefenta, na ce ya zo ya karɓi takardarsa, bai zo ba, tana nan cikin durowata. Ranar da suka gama takarda ta ƙarshe ina tsaye a baranda na ji wani abokinsa yana ƙwala masa kira daga bakin ƙofa, "Jakinai, taho mu tahi!" Ya juya ya amsa.