Baki ya riga murya: dare uku kan hira ɗaya

Jiya da misalin ƙarfe biyu na dare murya ta zauna daidai a kan motsin baki a bidiyon hirar da nake tacewa, daga farko har ƙarshe, minti arba'in cur. Sai da na kalla sau biyu kafin na yarda. 'Yan uwa masu koyo irina, bari in zayyana muku tun abin bai huce ba, don na san wani zai faɗa wannan ramin.

Aikin shi ne na farko da aka biya ni. Wata ƙaramar ƙungiya ce ke son bidiyon minti takwas a kan ayyukanta, kuma ƙashin bayansa hira ce da Hajiya, shugabarsu. Na yi shiri irin na littafi: tambayoyi a rubuce, jerin hotunan da zan ɗauka, har zuwa na yi na duba ɗakin kwana biyu kafin ranar. Babbar kyamara na sa ta a firam 25, wato hotuna 25 a kowace daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa don kada fitilun ɗakin su yi ƙyafta. Makirufo na kwala ya tafi rikoda daban, a 48,000, wato yawan awon sautin da take ɗauka a kowace daƙiƙa. Kyamara ta biyu ce ba ni da ita. Wadda na so in ɗauko haya kuɗinta na yini ɗaya zai cinye kusan rabin ribar, sai na ce ai wayata ma tana ɗaukar hoto mai kyau, na kafa ta a gefe. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma a ranar ban ji su ba.

Na tafa hannu gaban kyamarorin biyu, aka fara. A DaVinci Resolve, manhajar da nake tace bidiyo da ita, na jera fayil ukun a kan wannan tafin, tsinin sautin ya hau daidai firam ɗin da tafukana suka haɗu. Minti biyar na farko lafiya lau. Wajen minti na goma sha biyu na sauya zuwa hoton waya, sai na ga Hajiya ta rufe baki amma kalmar ba ta gama fita ba. A minti na talatin kuwa kamar fim ɗin da aka ɗora wa muryar wani harshe.

Daren farko na ɓata shi a kan wauta. Na riƙa yanka hoton wayar ina tura shi gaba da hannu, firam biyu nan, firam huɗu can. Na yi yanka ya fi sittin. In na gyara nan sai can ya goce, kuma ba a kan ƙa'ida ɗaya yake gocewa ba, wanda shi ne ya kamata ya farkar da ni tun da wuri.

Dare na biyu na zauna na yi lissafi maimakon yanka. Zargina na farko rikoda ce, ko ta ɗauka a 44,100 manhajar kuma ta karanta a 48,000. Amma da haka ne bambancin zai kusa kashi tara cikin ɗari, wato wajen daƙiƙa biyar tun a mintin farko, murya ma ta sirance. Ba haka nake ji ba. Zargi na biyu shi ne rikicin da ake samu tsakanin firam 23.976 da firam 24 a daƙiƙa, wanda ke haifar da tazarar daƙiƙa 3.6 a awa ɗaya. Shi kuma a hankali yake taruwa, daidai wa daida, kamar ɗigon famfo. Nawa tsalle yake yi: ya tsaya cik na wasu mintuna, sai kawai ya ƙaru.

Da na buɗe fayil ɗin wayar a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, sai na ga matsalar da idona. Yawan firam ɗin ba tsayayye ba ne, mai sauyawa ne. A suna dai 30 ne, amma mafi ƙarancinsa ya sauka ƙasa da haka sosai. Waya tana rage firam da kanta idan haske ya ragu ko ta ɗau zafi, ta rubuta wa kowane firam lokacinsa. In kana kallo a wayar ba za ka ga komai ba, don tana bin wannan lokacin. Manhajar tacewa kuwa so take kowane firam ya zama tsawonsa ɗaya da ɗan uwansa, to in firam sun yi ƙaranci sai hoton ya gajarce ya tsere wa murya. Na koma na duba wuraren da tazarar ta yi tsalle, sai ga shi sun yi daidai da lokacin da hasken taga ya dushe. Ni da na dogara da taga a matsayin fitila ta biyu!

Maganin bai kai ciwon ba. Na zuba fayil ɗin a HandBrake, manhajar sauya fasalin bidiyo, na zaɓi tsayayyen firam a 25, na bar shi ya juya. Sai dai ku sani ba kyauta ba ne: daga 30 zuwa 25 ana zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, don haka duk inda Hajiya ta ɗaga hannu da sauri akwai ɗan tsinkewa a motsin. Na ɓoye mafi muninsu a ƙarƙashin hotunan ofis da na ma'aikata. Sabbin fayilolin kuma suka cika min faifan ajiya tsakiyar aiki, dole na sayi wani washegari, kuɗin da ban sa a lissafin da na ba ƙungiyar ba. Da na haɗa shi da dare ukun nan, hayar kyamarar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Na ɗauka an gama. Ashe akwai saura, ƙarama amma mai naci. A ƙarshen hirar murya ta riga hoton babbar kyamara da firam uku. Wannan ba laifin waya ba ne. Rikoda da kyamara kowacce da agogonta a ciki, kuma ba sa tafiya daidai ɗari bisa ɗari, shi ya sa manyan masu aiki ke haɗa na'urorinsu da lambar lokaci guda. Firam uku a 25 shi ne milidaƙiƙa 120. Ido yana yafe wa muryar da ta makara fiye da wadda ta riga baki, don a duniya ma haske ne ke riga sauti isowa. Murya in ta yi gaba ko da firam biyu ne, mai kallo zai ji wani abu bai yi ba ko da bai san mene ne ba.

Ban tafa a ƙarshe ba, ga shi ina buƙatar alama ta biyu. Sai na shiga farautar harafin "b". Can dab da ƙarshe ta ce "babban burinmu", na bi firam ɗaya bayan ɗaya har na sami inda leɓɓanta suka manne, da wanda suka buɗe, na dubi inda sautin ya fashe a zanen murya. Nan na ƙirga firam ukun. Minti arba'in firam 60,000 ne, uku a ciki kashi 0.005 cikin ɗari ke nan. Na kai sautin Audacity, manhajar gyaran sauti, na rubuta sabon tsawon da nake so, ya miƙa shi. Kunne ba ya jin wani sauyi a muryar. Na mayar da shi, na tsallaka kai tsaye zuwa "babban burinmu", leɓe da sauti suka faɗi tare. Wallahi ni kaɗai a ɗaki na yi ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Ranar Asabar akwai ɗaukar hira ta biyu. Na riga na rubuta a jikin murfin rikoda: tafi a farko, tafi a ƙarshe. Wayar kuma in har zan sake kafa ta, da manhajar Blackmagic Camera zan ɗauka, in kulle ta a 25, kuma duk da haka sai MediaInfo ta duba fayil ɗin kafin ya shiga aiki. Yanzu abin da ke gabana launi ne. Fuskar Hajiya a waya ta fi ja, a kyamara ta ɗan yi kore, kuma ban ɗauki hoton farin katin da ake daidaita launi da shi ba a ranar. Wanda ya taɓa daidaita irin wannan ba tare da kati ba, don Allah ya gaya min ta inda ya fara, bango ko fata.